Darasi: Rangwamen Haraji ga Mai Sayen Gidan Fari, Kyauta ce ko Bashi?

Karatu: Nehemiya 5:1-13 da Luka 14:28-30.
Za a iya yin wannan darasi a taron dattawa, a zumuntar mata, ko a ƙungiyar matasa. Mai jagora ya sa a karanta wuraren nan biyu da ƙarfi kafin a fara.



Da zarar amfanin gona ya shiga rumbu, maganar gini takan cika bakin kowa a ƙauyukanmu. Wannan yana buga tubali, wancan ya sayar da masara ya sayo bandir ɗin kwano, wani kuma yana bin mai unguwa a yanka masa fili. A wani taron koyarwa da muka yi a kan ajiya da rance, wani saurayi mai shirin aure ya ɗaga hannu, ya ce wa dattijon da yake jagora, "Baba, na ji an ce a Amurka gwamnati ce take ba mutum kuɗi in zai sayi gidansa na fari. Mu me ya hana a yi mana haka?" Aka yi dariya. Dattijon ya ce, "Ɗana, ka fara tambaya tukuna, da suka karɓa, sun mayar ko ba su mayar ba?"

Maganar saurayin tana da tushe. An yi haka a Amurka daga 2008 zuwa 2010, sa'an nan aka daina. Ta dattijon ma tana da tushe, gama waɗansu da suka karɓi kuɗin sun yi shekara 15 suna mayarwa. Mun ga ya dace mu bi labarin nan daki-daki. Amurka tana da nisa, amma irin wannan taimako, wanda ake miƙa wa mutum a bakin ƙofa alhali bashin yana jiransa cikin ɗaki, yana zuwa mana a nan cikin kamanni dabam dabam. In mun gane shi a can, za mu gane shi ranar da ya yi mana sallama.

Mene ne rangwamen haraji?

A Amurka ana cire haraji daga albashin ma'aikaci kafin ya shiga hannunsa. Sau ɗaya a shekara, wajen tsakiyar watan Afrilu, kowa yakan cika takarda ya aika wa hukumar tara haraji ta ƙasar, wadda ake kira IRS, ya nuna abin da ya samu da abin da ya riga ya biya. In ya biya fiye da kima a mayar masa, in bai kai ba ya cika.

Idan gwamnati tana so ta ƙarfafa mutane su yi wani abu, takan ce, duk wanda ya yi abu kaza, an rage masa kaza daga harajinsa. Wannan shi ne rangwamen haraji. Na sayen gidan fari yana da wani ƙarin alheri. Bari mu ce harajin wani na shekara dala 5,000 ne, rangwamensa kuma dala 8,000. Za a shafe dala 5,000 ɗin nan, a kuma ba shi sauran dala 3,000 a hannu. Ko wanda harajinsa bai taka kara ya karya ba yana iya samun kuɗin duka.

Sunan ma yana da ruɗi. A dokar, "mai sayen fari" shi ne wanda bai mallaki gidan zama ba cikin shekara 3 kafin ranar sayen. Wanda ya taɓa yin gida ya sayar shekara 5 da suka wuce, shi ma mai sayen fari ne. Mu riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Abin da ya kawo dokar

Galibin mutanen Amurka ba sa gina gida da kaɗan kaɗan yadda muke yi. Sukan sayi ginanne da rancen banki, su ba da kafin alƙalami, su jinginar da gidan ga bankin, su yi ta biya wata wata har shekara 30. Ranar da biya ya gagara, banki yana da iko ya karɓe gidan ya sayar.

Daga wajen 2000 zuwa 2006 farashin gidaje ya yi ta hawa. Masu ba da rance suka saki jiki, suna ba mutane bashi ba tare da duba ko za su iya biya ba. Waɗansu rancen, ruwansu kaɗan ne a shekara biyu ko uku na fari, daga baya ya yi tsalle. Kowa yana cewa ba kome, in biya ya yi wuya sai a sayar da gidan da riba. Da farashi ya fara faɗuwa a 2006 da 2007, sai mutane suka iske bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki. Iyalai miliyoyi suka rasa gidajensu. Ranar 15 ga Satumba 2008 babban bankin nan Lehman Brothers, wanda ya fi shekara 150 da kafuwa, ya rushe. A watan Oktoba 2009 mutum 10 cikin kowane 100 na masu aiki da masu neman aiki a haɗe ba su da aiki.

Ga gidaje birjik ba masu saye. Magina sun zauna, masu sayar da katako da fenti sun zauna, bankuna suna riƙe da gidajen da ba su san yadda za su yi da su ba. Gwamnati ta ce bari a jawo sababbin masu saye. Mu lura da wannan da kyau. Babban abin da dokar ta nufa shi ne ta tayar da kasuwar gidaje. Taimakon matashi mai neman wurin sa iyalinsa hanya ce ta cimma wannan. Ba mu ce laifi ne ba. Amma mai karɓar taimako ya kamata ya san bukatar wa ake biya da shi.

Doka uku, sharaɗi dabam dabam

Ta fari, Shugaba George W. Bush ya sa mata hannu ranar 30 ga Yuli 2008. Ta ba mai sayen fari kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan, amma kada ya wuce dala 7,500. An kira shi rangwame, amma a gaskiya rance ne marar ruwa. Wanda ya karɓi dala 7,500 zai mayar da dala 500 kowace shekara har shekara 15, farawa daga harajin 2010. Biya na ƙarshe ya faɗa a harajin 2024. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka sayi gidan ya kusa gama sakandare kafin iyayensa su rabu da wannan "kyauta". In kuma mutum ya sayar da gidan ko ya tashi daga cikinsa kafin lokaci, sauran bashin yakan taso masa gaba ɗaya, sai dai a inda dokar ta yi sassauci, kamar idan ya sayar da hasara ko ya rasu.

Ta biyu, Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 17 ga Fabrairu 2009. Ta ɗaga kuɗin zuwa dala 8,000, ta kuma cire mayarwa ga waɗanda suka saya daga 1 ga Janairu 2009, muddin sun zauna cikin gidan wata 36. Ku duba abin da wannan ya haifar. Maƙwabta biyu, ɗaya ya sayi gidansa a ƙarshen Disamba 2008, ɗaya a farkon Janairu 2009. Kwana kaɗan ne tsakaninsu. Na farin ya karɓi 7,500 bashi, na biyun ya karɓi 8,000 kyauta. Wanda ya yi saurin amsa kiran gwamnati shi ne ya kwana ciki.

Ta uku ta zo ranar 6 ga Nuwamba 2009, gab da wa'adin ta biyu zai cika a ƙarshen watan. Ta ƙara lokaci, ta ce a ƙulla ciniki kafin ƙarshen Afrilu 2010. Ta kuma buɗe ƙofa ga waɗanda suka daɗe da gidan kansu suna so su canja, aka ba su har dala 6,500. An ɗaga iyakar samun kuɗin mai karɓa daga dala 75,000 a shekara zuwa 125,000 ga mutum ɗaya, daga 150,000 zuwa 225,000 ga miji da mata.

A ƙarshe fiye da mutum miliyan 3 suka karɓa, kuɗin kuma ya haura dala biliyan 20.

Bari mu yi lissafi

A nan ne muke so mu daɗe, domin a nan darasin yake.

Mu ɗauki misalin iyalin da suka ranci dala 200,000 don sayen gida, da ruwa kashi 5 cikin 100, wanda shi ne kusan abin da ake ba da rance a 2009, za su biya cikin shekara 30. Kowane wata za su ba banki kimanin dala 1,074. Watanni 360 ne. In an tara duka, za su biya kusan dala 386,500. Wato ruwan kaɗai ya kai wajen dala 186,500.

To, rangwamen dala 8,000 fa? Bai kai biyan wata 8 ba. Saura wata 352 suna nan suna jiran mai gida, ko yana da aiki ko an sallame shi, ko matarsa tana lafiya ko tana asibiti. Ban da wannan akwai harajin gida na ƙaramar hukuma, da inshora, da gyaran rufi in ya yi yoyo. Idan kuwa darajar gidan ta ragu da kashi 5 kawai cikin 100, dala 10,000 ta tafi ke nan, ta cinye rangwamen har da ƙari. Farashin gidaje a Amurka kuwa ya sāke sauka bayan an rufe shirin, bai tsaya ba sai wajen farkon 2012. Waɗansu da suka yi gudu don kada dala 8,000 ta wuce su, da sun yi haƙurin shekara ɗaya ko biyu, da sun sayi gida irin wannan da ragin da ya fi haka.

Gudun ma da gangan aka sa shi. Kowace doka tana da ranar rufewa, dillalai kuma suna ta shela, ku zo kafin a rufe. Ciniki ya yi sama gab da ƙarshen Nuwamba 2009, ya sāke yin sama gab da ƙarshen Afrilu 2010. Da aka rufe, kasuwa ta yi tsit. A watan Yuli 2010 sayen gidajen da ba sababbi ba ya faɗi da kashi 27 cikin 100 a wata ɗaya. Masu nazarin tattalin arziki da yawa sun nuna cewa mafi yawan waɗanda suka karɓi kuɗin, da ma za su sayi gida ko da rangwame ko babu. Abin da rangwamen ya fi yi shi ne ya sa su matso da ranar sayen.

Kada mu yi rashin adalci. Iyalin da suka riga suka tara kafin alƙalaminsu, suna da aiki tsayayye, sun kuma yi niyyar zama a garin shekaru da yawa, rangwamen ya yi musu amfani ƙwarai. Da shi waɗansu suka yi gyara, waɗansu suka rage bashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya cutu shi ne wanda kuɗin bakin ƙofa ya sa shi ɗaukar kayan da wuyansa bai kai ba.

A Luka 14 Yesu ya kawo misalin mai son gina hasumiya. Ya ce irin wannan mutum yakan fara zama ya yi lissafi, ya ga ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe, don kada ya sa harsashi ya tsaya, masu wucewa su yi masa ba'a. Mun sani Ubangiji yana magana ne a kan abin da bin sa zai ci wa mutum. Amma ya ɗauko misalin daga abin da kowane mai hankali ya yarda da shi. Ana lissafin gini har zuwa rufi ne, kuma a zaune ake yinsa. Mai gudu don kada a rufe ƙofa ba ya zama.

Kuɗin banza da masu kwaɗayi

Da farko hukumar haraji ba ta bukaci a haɗa takardar shaidar sayen gida ba. Mutum ya cika fom kawai. Abin da ya biyo baya ba zai ba ku mamaki ba. A watan Oktoba 2009 ofishin babban mai bincike kan harkokin haraji na ma'aikatar kuɗin Amurka ya bayyana cewa an nemi rangwamen da sunayen yara fiye da 500 waɗanda ba su kai shekara 18 ba, ƙaraminsu ɗan shekara 4. Mutum dubbai sun karɓa a kan gidajen da ba su riga sun saya ba. A watan Yuni 2010 ofishin ya sāke bayyana cewa fursunoni kusan 1,300 sun karɓi fiye da dala miliyan 9, fiye da 200 daga cikinsu ɗaurin rai da rai suke yi. Sai da doka ta uku ta zo aka sa sharaɗin shekara 18 da na haɗa takardar ciniki.

Muna iya yin dariya, amma mu da muke aikin rabon taimako mun san wannan hali bai tsaya a Amurka ba. Mun taɓa rubuta sunayen waɗanda iska ta kware wa rufi a wani gari, muka iske gida ɗaya ya fito sau uku, da sunan miji, da na mata, da na ɗan da yake birni. Kwanon da aka ƙara wa gidan nan, daga kan wata gwauruwa aka cire shi, gama bandir ɗin a ƙirge yake. Waɗanda suka yi haka suna zuwa sujada. Ƙarya a kan fom ƙarya ce, ko da wanda ake yi wa gwamnati ce ko ƙungiya wadda ba ta san fuskarmu ba.

Nehemiya da masu jingina

Yanzu mu komo ga abin da muka ce mu riƙe. Mutumin da banki ya karɓe wa gida a 2008 ba ya cikin masu sayen fari, domin ya mallaki gida cikin shekara 3 da suka wuce. An yi waɗansu shirye-shirye dabam domin masu rasa gidaje, amma wannan rangwamen na masu shiga ne. Wanda ake fitarwa ba shi da rabo a ciki.

A Nehemiya 5 muna ganin masu fita. Ana tsakiyar gina garun Urushalima, sai kuka ya tashi daga maza da matansu. Waɗansu sun jinginar da gonakinsu, da gonakin inabi, da gidajensu don su sami hatsi a lokacin yunwa. Waɗansu sun ci bashi ne don su biya harajin sarkin Farisa. Har an fara kai 'ya'yansu bauta. Masu riƙe da jinginar kuwa ba baƙi ba ne, 'yan'uwansu Yahudawa ne, manya da shugabanni.

Nehemiya ya husata, amma bai yi magana nan take ba, sai da ya yi tunani. Sa'an nan ya kira babban taro, ya tsauta wa manyan a gaban jama'a, ya ce su mayar da gonaki da gidaje a ranar, su kuma bar karɓar ruwa. Ya sa suka rantse a gaban firistoci. In kun ci gaba da karatu daga aya 14 za ku ga shi kansa ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba, domin nauyi ya yi wa jama'a yawa. Bai ce a bari a gama garu tukuna ba. A ganinsa garu ba shi da amfani ga mutumin da ba shi da gida a bayan garun.

Wannan ya taɓa mu. A ikkilisiyoyinmu da yawa akwai gonakin da suke hannun jingina shekara da shekaru, mai jinginar da mai riƙewa kuma benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Waɗansu gonakin, don a sayi kwano da siminti aka jinginar da su. Karin Magana 24:27 ta sa aikin gona a gaba, ginin gida a baya. Wanda ya ba da gonar da take ciyar da shi don ya rufa ɗaki ya juya wannan tsari.

A ƙasarmu fa?

Nijeriya ba ta da rangwame irin na Amurka, wanda ake danƙa wa mai sayen fari kuɗi a hannu. Abin da muke da shi dabam ne. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake kira NHF. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikacin da yake ciki, Bankin Rancen Gidaje na Tarayya, wato FMBN, yana riƙe kuɗin. Mai zubi yana iya neman rancen gida da ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya har cikin shekara 30. Dokar haraji ta 2025, wadda ranar fara aikinta ita ce 1 ga Janairu 2026, ta yarda a cire zubin NHF da ruwan rancen gina gidan da mutum yake zaune ciki daga kuɗin da za a sa wa haraji. Ta kuma ba mai haya sassaucin kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara, kada ya wuce naira 500,000. Naira 800,000 ta fari da mutum ya samu a shekara ba haraji a kanta.

Bambancin yana da muhimmanci. A nan ana rage kuɗin da za a lissafta haraji a kansa ne kawai. Ba a ba kowa tsaba. Wanda samunsa bai kai a sa masa haraji ba, ba abin da za a rage masa. Malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma da suke cikinmu, su ya kamata su duba takardar albashinsu, su ga ko ana cire musu NHF, su nemi lambar zubinsu, su adana takardun. Kuɗinsu ne, akwai kuma ƙa'idar mayar wa mai zubi abin da ya tara idan ya yi ritaya ba bashi a kansa.

Ga manomi kuwa, katangar ita ce takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da izinin mallaka na gargajiya. Banki ba ya karɓar shaidar dagaci da ta maƙwabta. Yana neman takardar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ita kuwa da wuya a same ta a ƙauye. Saboda haka idan baƙo ya zo da fom ya ce gwamnati za ta raba gidaje ko rancen gini, a biya kuɗin rajista kafin Jumma'a don za a rufe, mu tuna da Afrilu 2010. Can ma da dokar gaskiya ce, ranar rufewa ta sa mutane sun yi abin da suka yi nadama. Balle a nan da ba mu san ko ofishin nasa yana nan ba. A tambaye shi sunan ofishin, a tura mutum biyu su je su gani da idonsu, kada a ba da kobo sai da rasit. In ya ce ba lokaci, a bar shi ya tafi.

Wata hanya da Kiristoci suka gwada

A jihar Jojiya ta Amurka akwai wata gonar zumunta ta Kirista mai suna Koinonia, wadda Clarence Jordan ya kafa tare da waɗansu. A can ne shi da Millard Fuller da matarsa Linda suka fara gina wa matalauta gidaje a ƙarshen shekarun 1960. A 1973 iyalin Fuller suka tafi Mbandaka a ƙasar Zayar, wadda yanzu ita ce Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, suka yi shekara 3 suna gwada tsarin. A 1976 suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity. Tsarin da suka fara da shi mai sauƙi ne. Gida ƙarami daidai bukata. Ba riba, ba ruwa. Iyalin da za su shiga su sa guminsu cikin ginin nasu da na waɗansu. Abin da suke biya wata wata ya koma asusu a gina wa na gaba.

Wanda ya san gayya da adashi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Kakanninmu ba su san banki ba, amma ba wanda ya kwana a waje. Abin da ya canja shi ne kwano, da katako, da ƙusa, da siminti, waɗanda gayya ba ta iya haƙowa daga ƙasa. A nan ne asusun ikkilisiya ko adashin rufi zai iya shiga. Amma mu faɗi gaskiya, wannan ma bashi ne. Mun ga asusun da ya mutu a zagaye na biyu domin waɗanda suka fara karɓa sun ce ai kuɗin Allah ne. Tun ranar fari a faɗa a fili, a kuma rubuta, wanne ne kyauta, wanne ne rance, nawa za a mayar, yaushe, me za a yi in damina ta ƙi ko mai gida ya rasu. Dokar 2008 ma, da duk laifinta, ta yafe sauran bashin idan mai karɓa ya mutu. Bai kamata gwauruwa ta sami tausayi a wurin hukumar haraji fiye da a wurin ikkilisiya ba.

Don tattaunawa

1. A Nehemiya 5, me ya kai mutane ga jingina? Wanne cikin dalilan nan muke gani a garinmu? Akwai wanda ba ya cikin nassin amma yana cikinmu?

2. Wani ya ce zai ba ka bandir biyu na kwano kyauta in ka sayi sauran kayan ginin a wurinsa bashi, ka biya da kaka. Waɗanne tambayoyi za ka yi masa kafin ka amsa? Mata su fara ba da tasu amsa, gama sau da yawa akuyarsu ce take biyan irin wannan bashi.

3. Idan mai riƙe da gonar jingina dattijon ikkilisiya ne, wa zai yi masa magana, ta yaya kuma?

Kafin taro na gaba, kowane gida mai niyyar gini a ranin nan, miji da mata su zauna tare su rubuta kuɗin ɗaki ɗaya tun daga harsashi har ƙofa da taga, da ladan magini da na kafinta, da abincin masu gayya. A gefe ɗaya su rubuta abin da yake hannu yau, ban da hatsin da iyali za su ci har sabon amfani ya nuna, ban da kuɗin makaranta da na taki. Wanda bai iya rubutu ba ya nemi ɗaya daga cikin matasa. A zo da takardun, za mu duba su tare da ma'ajin ikkilisiya da wani magini daga cikinmu wanda ya san farashin kaya a kasuwar da ta fi kusa.